Mai Jar Hula

"Cire zoben nan, Odessa!"

Koci Whitlock ya wurga jarida kan tebur. Ga hoton Desmond, saurayinta, riƙe da kyamara, an rubuta masa ɓarawon alamun wasa.

"Baba, aikinsa ne ɗaukar bidiyon wasa a ƙungiyarsu..."

"Karo biyu suna sanin inda za mu jefa ƙwallo tun ba mu jefa ba! Wa ke shigo min gida in ba shi ba?"

Royce, mataimakin babanta, wanda ta ƙi aurensa bara, ya taɓe baki. "So ne ya rufe mata ido, Koci."

Mutum uku ke tsayawa bakin fili, kowa da launin hularsa, suna yi wa 'yan wasa alama da hannu, ɗaya na gaskiya, biyu na ruɗin abokan karawa. Ita ke zaɓar na gaskiyar. Ga shi Lahadi da su Desmond za a sake karawa.

Ranar Asabar ta sami Desmond.

"Masoyi... gobe mai farar hula ne."

Ya daɗe yana kallonta. "Kar ki ƙara faɗa min irin wannan."

Ga Royce kuwa ta ce mai jar hula ne. Sai dab da shiga fili ta raɗa wa babanta da 'yan wasa gaskiya, ban da Royce: baƙar hula.

Aka busa usur.

In su Desmond suka bi farar hula fa?

Mai jar hula ya nuna hagu. Masu tsaron su Desmond suka kwasa hagu gaba ɗaya!

Ƙwallo ta tafi dama, babu kowa.

"Baba," ta ce, hawaye na zuba, "mutum ɗaya na ce wa ja."

Koci ya juya a hankali. Royce ya sunkuyar da kai.

Bayan wasa ta tarar da Desmond yana naɗe wayoyin kyamararsa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Gwada ni kika yi."

"Ka yafe min... tsoro ne ya..."

"Tun jiya na gane. In kina ƙarya, murza zoben nan kike."

Ta dubi hannunta, ga shi tana murza zoben. Dariya da kuka suka ƙwace mata tare.

"Ashe dai kana karanta alamu!"

Ya riƙe yatsan, ya gyara zoben.

"Naki kaɗai, zuciyata."