Alkukin Ɗakin Inna

Ana dab da kiran magariba, saura falanki ɗaya Musaddiq ya gama rufe bangon. Kaji sun shige akurki, inuwar duwatsu ta sauko ta lulluɓe tsakar gida, shi kuwa ko a jikinsa.

Ɗakin na marigayiya Innarsa ne, tsohon ginin ƙasa a unguwar Garu cikin Dutse. Tun da ya samu aikin ofis ɗakin ya zame masa abin kunya. Sai ya ga wata dabara a waya: a rufe bangon ƙasa da falankin silin, a kwaɓa farin siminti da gam da fenti, a shafe da cokalin magini, duk wanda ya shigo ya rantse filasta ce irin ta gidajen manya. Musaddiq kuwa mutum ne mai son a ce, ko takalmi ya saya sai unguwa ta sani.

Inda ya rage akwai alkuki, ɗan gurbin nan da mutanen da suke ajiye fitila. Inna har ta rasu ba ta taɓa sa komai a cikinsa ba, kuma ba ta share shi sai ta yi sallama.

Matarsa Rakiya ta tsaya a bakin ƙofa. "Baban Ikilima, in lallai sai ka toshe gurbin nan, ka yi yadda ake yi. A yi sallama, a sanar da masu wurin, a ba su lokaci su kwashe nasu."

"Waɗanne masu wurin? Gidan ubana ne."

"To ko bismillah ka yi, magariba ce fa."

Ƙusoshi na bakinsa, bai ko waiwayo ba. Ya ɗora falankin, ya ɗaga guduma. Ƙusa ɗaya ta kauce wa bango ta shige cikin gurbin, ta nutse kamar a cikin nama, aka ji wani siririn kuka irin na ɗan mage. Rakiya ta dafe ƙirji. Shi ya ce ƙarar katako ce.

Washegari ya shafe bangon, ya yi kyau ƙwarai, gaskiya dai gaskiya ce. Da rana ta faɗi, dutsen farko ya sauka a kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa randa. Daga nan suka yi ta zuba, ba daga waje ba, daga cikin ɗakin Inna suke fitowa, da zafi kamar an tsamo su daga murhu. 'Yarsu Ikilima, mai shekara goma sha uku, tana ɗauke da kwanon tuwo, sai ta sake shi ta shaƙe wuyanta da hannu biyu. Ta ruga ɗakin, ta hau yaƙushin sabon bangon har faratanta suka ɗaye, jini ya yi layi-layi a kan farin shafen. Uban ya rungumo ta. Yarinyar da ko tulu cike ba ta iya ɗagawa ta cilla shi ya bugu da ƙyaure, goshinsa ya tsage.

Haka kowace magariba, kuma kullum abin gaba yake yi. Numfashinta ya koma kamar na wanda aka cusa wa tsumma a baki. A asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba. Ta daina cin abinci, leɓɓanta suka yi baƙi. Tsoro ya kama Musaddiq, irin wanda bai taɓa ji ba, don ya ga 'yarsa tana mutuwa a gabansa. Da kansa ya hau babur zuwa Kiyawa ya ɗauko Malam Uwaisu, dattijon da ya yi suna wajen ruƙiyya.

Bayan la'asar aka shimfiɗe Ikilima a ɗakin Inna, uwa ta danne ƙafafu, uba ya danne kafaɗu. Malam ya fara karatu a hankali. Guduma ta tashi daga ƙasa ta wuce ta gefen rawaninsa ta fasa taga, bai tsaya ba. Can Ikilima ta banƙare, idanunta suka juye, wata murya ta babbar mace ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam! Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyar Inna ce. Ni da ita ba mu taɓa saɓawa ba. Ɗana na barci a cikin gurbin, uban yarinyar nan ya rufe shi ba sallama. Yadda nawa ba ya numfashi, haka tasa."

"Yarinya ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah. Za a buɗe, ki ɗauki ɗanki ki fita."

"A buɗe in gani."

Musaddiq bai jira an ce masa ba. Ya rarumi gatari ya sari bangon da ya yi ta alfahari da shi, shafen yana zuba, falanki yana tsagewa. Alkukin ya bayyana. Idon mutum bai ga komai a ciki ba, sai ƙusar nan, jiƙe da wani abu baƙi yana ɗiga. Ikilima ta ja wani dogon numfashi, sannan muryar ta ƙwala ihun da ya sa Rakiya toshe kunnuwa.

"Yana da rai! Amma ƙusar ta huda masa hannu, hannun ya mutu. Zan fita, Malam, amma da hannun yarinyar zan tafi."

Nan take hannun daman Ikilima ya fara murɗewa baya, ƙashin yana ƙara.

"Ba ki da wannan haƙƙin," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu. Hannun bai daina murɗewa ba.

"Ni na buga ƙusar!" Musaddiq ya faɗa kan 'yarsa. "Ga hannun da ya buga, ki sake nata!"

"Kul! Kada ka yi musu tayi!" Malam ya daka masa tsawa, amma magana ta riga ta fita.

"Na karɓa," in ji muryar. Iska ta kaɗa ta fice ta tagar da ta fashe, ɗakin ya yi tsit. Daga nesa ladan ya fara kiran magariba.

Ikilima ta buɗe ido. Ta kalli uwarta, ta kalli tarkacen da ke ƙasa.

"Baba, wa ya fasa maka bangonka?"

"Ni ne, uwata. Bar shi."

"Ƙishirwa nake ji."

Rakiya ta kawo ruwa a kofi, Musaddiq ya miƙa hannun dama ya karɓa. Kofin ya zame ya faɗi. Ya dubi yatsunsa, ya umarce su su motsa, suka ƙi. Malam Uwaisu ya sunkuyar da kai yana salati.

"A ƙaro wani," in ji Musaddiq. Ya tura hannun cikin aljihun rigarsa kada ta gani, ya ba ta ruwan da hagu.