Farantin Inna Dulmaa

Ranar da Sodoo ya fara ganin Tungaa, tsaye take a gaban teburinsa na cuku a wata kasuwar Ulaanbaatar, babban birnin ƙasarsu, hannuwanta cushe a aljihun rigar sanyi kamar mai tsoron kada su kufce mata.

Ba ta taya ba, ba ta kuma wuce ba.

"Yaya, kallon ma na kuɗi ne fa," in ji shi yana murmushi.

"Wace ce yayarka? Ka dubi fuskarka kuwa?"

"To, ƙanwata. Ɗanɗana." Ya yanko ɗan farin cuku a bakin wuƙa ya miƙa mata. "Na yankinmu Arkhangai ne. Innata ce ta yi da hannunta."

Yana shiga bakinta ta lumshe ido. Da ta buɗe, sai ta ce ya cika mata leda, tana ta maimaita cewa ai na yaran yayarta ne, ita ba ta damu da cuku ba.

Da yamma ya tashi daga kasuwa, ya biyo ta bayan tashar bas. Can ya hango ta ta juya wa titi baya, fuskarta a jikin bango, tana tura cuku baki da hannu bibbiyu. Ledar saura kaɗan.

Suka haɗa ido.

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kumatunta suka yi jajir, ga baki cike, ba halin magana.

"Ashe yaran yayar taki ke ce," ya faɗa a hankali. Ba dariya ya yi ba. Hankici ya ciro ya miƙa mata. "Idanunki kamar na ɗan raƙumi. An taɓa gaya miki?"

Ta fizge hankicin ta faɗa bas ɗin farko da ya tsaya, wanda ma ba na unguwarsu ba ne. Sai a gida ta lura ashe lambar wayarsa na buge a jikin ledar.

Ta daɗe tana juya wayar kafin ta rubuta:

"Hankicinka yana wurina. Don Allah ka manta da abin da ka gani."

Amsa ta shigo nan take:

"Hankicin na bar miki. Abin da na gani kuma ba zai mantu ba, ɗiyar raƙumina."

Daga nan soyayya ta kama su kamar wutar kara. Tungaa malamar makarantar ƙananan yara ce, kullum in ta tashi sai ta tarar da shi a bakin ƙofa da ƙunshin cuku a hannu. Ita kuma ta adana sunansa a waya da Mai Cukuna. Sukan taka a ƙasa har gida, yana ba ta labarin shanunsu da duwatsun garinsu, tana dariya har da riƙe ciki.

Sai dai akwai abin da ba ta gaya masa ba.

A farkon bazara likita ta zaunar da ita, ta ce sukarinta yana hawa, kuma ciwon da ya ɗauke mahaifiyarsu ya fara leƙo ta. Dole ta rage ƙiba. Cuku, man shanu, kirim ɗin madara, duk a ja baya da su.

Tungaa ta gwada ragewa, abin ya faskara. In ta ce yanka ɗaya, sai ta farga ta cinye ƙunshin tas, ta zauna a ƙasan kicin tana kuka tana tsanar kanta. Daga ƙarshe ta yanke wa kanta hukunci: ko taɓawa ba za ta ƙara yi ba. Ƙunshin da Sodoo ke kawowa kuwa, ta karɓa da murmushi, ta bi ta bayan gida ta miƙa wa maƙwabta.

"Ki gaya masa mana," in ji yayarta Tsetsgee, wadda ita ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu.

"In ce masa me, Yaya? In ce macen da yake so ba ta iya riƙe bakinta kamar ƙaramar yarinya? Ya riga ya gan ni sau ɗaya a jikin bango. Ya isa."

Da damina ta kankama, ciyawa ta rufe tuddai, Sodoo ya ɗauke ta zuwa Arkhangai don mahaifiyarsa ta gan ta.

Inna Dulmaa ta tarbe su a ƙofar ger ɗinta, farin ɗakin ulu da ke gindin dutse, rufinsa shanye da cuku yana bushewa a rana. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta zaunar da baƙuwarta a wuri mai daraja, ta ɗauko babban faranti da hannu biyu. Sabon cuku, busasshe, kirim mai kauri rawaya, an jera su hawa-hawa. Tun da Sodoo ya yi waya take haɗa shi.

Ko yaron goye ya san ƙa'idar: baƙo ya saukar da hannun riga, ya miƙa hannun dama, ya ɗanɗani farin abinci, wato kayan madara, kafin ya ce uffan.

Ƙamshin ya bugi Tungaa har cikin ƙwaƙwalwa. Yawu ya cika mata baki. Ta hango kanta tana ɗauka, tana ƙarawa, tana ƙarawa, tsohuwa na kallo, Sodoo na kallo. Tsoro ya kama ta. Ta mayar da hannuwanta baya ta kawar da fuska.

"Na gode. Ba na ci."



Inna Dulmaa ta janye farantin. Sannan ta juya ta ajiye shi, ta ce da wata budurwa da ke gefen murhu, "Byambaa, 'yata, zo mu je tatsa. Mu bar 'yan birni su huta da warinmu."

Byambaa 'yar maƙwabtansu ce, siririya, mai ƙarfin hannu, wadda tsohuwar ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awa. Ta wuce ta gaban Tungaa tana taunar cuku ƙaras-ƙaras.

Sodoo ya bi mahaifiyarsa waje, ta jikin ulun bango kuma Tungaa ta ji komai.

"Wadda ta juya wa farantina baya ba za ta hura wuta a murhun ɗana ba."

"Inna, ki saurare ni..."

"Da wannan cukun na raine ka, Sodoo. Da shi na kai ka makaranta. In ƙyamarsa take, mu take ƙyama."

Suka kama hanyar dawowa. Sai da fitilun birni suka bayyana Sodoo ya yi magana.

"Maƙwabcinku ya zo teburina kwanaki. Ya ce cukun da kike ba su ya fi na kowa daɗi."

Ta sunkuyar da kai. Kunya ta hana ta faɗa masa gaskiya.

Washegari saƙonsa ya shigo:

"Tungaa, in talaucinmu ne ko warin shanunmu, ki faɗa mini kai tsaye. Zan jure. Shirun nan ne ba zan iya ba."

Ta rubuta amsa ta goge. Ta sake rubutawa ta goge.

Makonni suka shuɗe. Ta ji ya rufe teburinsa ya koma gida yankan ciyawa. Wata rana kuma ta ga hoto a waya: shi da Byambaa a kan tarin ciyawa, tana miƙa masa kwanon nono, mutane na ta yi musu fatan alheri a ƙasan hoton.

Tsetsgee ta same ta kwance ta rufe kai da bargo. Ta yaye bargon.

"Tashi, sakarya. Kin rage kilo nawa, kin zubar da miji guda! Wannan wane irin ciniki ne?"

"Yaya, ba zan iya kallon idon tsohuwar nan ba."

"To kalli bikinsa a waya. Shi za ki iya?"

Tungaa ta tashi zaune.

Kafin motar Arkhangai ta tashi ta tura masa layi ɗaya:

"Mai Cukuna, ina zuwa. Ba wurinka ba, wurin Inna."

Ta tarar da tsohuwar a bayan ger tana ɗora dutse a kan buhun cuku don ya tsane. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba ya nan. Yana wurin ciyawa."

"Wurinki na zo, Inna."

Baƙo baƙo ne, ko da an ƙi jininsa. Inna Dulmaa ta goge hannu, ta shiga, ta ɗauko farantin ta miƙa, fuskarta a murtuke.

Tungaa ta saukar da hannun rigarta. Ta tallafi gwiwar hannun dama da na hagu, ta miƙa. Yatsunta suka kama rawa, har farantin ma ya soma girgiza. Ta gutsuri ɗan mitsitsi ta sa a baki, hawaye suka zubo.

"Inna, ba ƙyama ba ce. Na rantse miki ba ƙyama ba ce." Muryarta na karyewa. "Likita ta ce in ban rage jiki ba, ciwon da ya kashe mahaifiyata zai kama ni. Ni kuma in na fara ba na iya tsayawa. Ina ƙarama, a bikin Farin Wata na sabuwar shekara, na cinye farantin gidan kawuna kafin baƙi su iso, har yau 'ya'yansa Share-Faranti suke ce mini. Ranar nan na ji tsoro ne kada in yi miki haka a gaban Sodoo. Na gwammace ki ce ba ni da tarbiyya da ki ga yadda nake."

Tsohuwar ta sauke ido. Hannun nan mai rawa take kallo, wanda ya tsaya a sama da farantin, yana son komawa, mai shi na hana shi.

"Tun ina budurwa nake cuku," ta ce daga bisani. "Mutane sun yaba, sun saya, sun roƙa. Ban taɓa ganin wanda hannunsa ya yi rawa a kansa ba sai yau."

Ta ajiye farantin can nesa, bayan akwati.

"Kai, yaran yanzu! Ki zo tun daga birni ki kunyata ni, alhali magana ɗaya ce? Goge fuskarki, kin yi kama da ɗan maraƙin da aka yaye."

Ta fita, ta miƙa hannu can ƙarshen rufi, ta dawo da wani ɗan busasshen cuku launin ƙasa, bai fi kan babban yatsa ba.

"Ciza."

Tungaa ta ciza. Haƙorinta ya yi ƙara, cukun ko gezau.

Inna Dulmaa ta tuntsire da dariya. "Na bara ne, babu maiƙo a cikinsa. Irinsa marigayi baban Sodoo yake sakawa a kunci in zai bi dawaki, tun safe har rana ta take bai ƙare ba. Wannan ba a cinsa, zama ake yi da shi. In kin iya cinye faranti guda na irinsa, ni da kaina zan ba ki saniya."

Tungaa ta yi dariya cikin kuka, kuncinta a kumbure gefe ɗaya.

A haka Sodoo ya same su. Ya diro daga babur ko kashe shi bai yi ba, ciyawa duk a gashinsa, ya tsaya turus a bakin ƙofa.

"Ɗiyar raƙumina... me ya sami kumatunki?"

"Kai ne babban wawan," in ji uwarsa. "Yarinya na fama da kanta, kai kana ta jibga mata cuku kullum kamar mai kiwon tunkiyar yanka."

Da suka keɓe a bakin rafi ta gaya masa komai, idonta a ƙasa. Ya ɗago haɓarta.

"Tungaa, a jikin bango na fara sonki, baki cike. Me kuma ya rage da za ki ɓoye mini?"

"Byambaa fa?"

"Nono ta miƙo mini, na sha, na ce na gode. Ƙa'ida ce, ai yanzu kin sani."

Ta kai masa duka a kafaɗa, ya riƙe hannun bai saki ba.

Da kaka ta zagayo aka ɗaura musu aure. Tungaa ba ta zama siririya ba, kuma wani lokacin har yanzu takan zame ta yi kuka. Amma likita ta yi murmushi a zuwanta na ƙarshe, rigar amarcinta shuɗiya ta alharini kuma ta zauna mata ɗas. Byambaa ce ma ta taya ɗaura mata ɗamara, tana tsokanarta wai ta ja numfashi.

A sabon ger, amarya ta hura wutar farko, ta dafa shayin madara, ta miƙa wa surukarta kofin farko da hannu biyu. Inna Dulmaa ta kurɓa, ta sumbaci goshinta.

"Tukunyarki kada ta rabu da madara, 'yata. Ƙofarku kada ta rabu da baƙi. Ku tsufa tare, da haƙoranku."

Sannan ta ɗauko babban farantin ta miƙa mata a gaban dangi duka. A can samansa, kan kirim da sabon cuku, ɗan ƙanƙanin nan ne launin ƙasa yake zaune shi kaɗai.

Tungaa ta saukar da hannun riga, ta miƙa dama ta ɗauka. Hannun bai yi rawa ba.