Kwalbar da Na Zare

Saura kwana uku a buɗe bikin kiɗa na garinmu a jihar Misisifi, mawaƙin da na ba lokacin faɗuwar rana ya karya hannu. Shekara goma sha ɗaya ina tsara wannan biki, ban taɓa barin dandali babu kowa ba. Na saurari faifai talatin da biyu a yini guda. Duk shirme. Samarin birni ne masu malafar makiyaya, ko warin saniya ba su sani ba, suna kukan wahalar da ba su taɓa sha ba.

Anti Ozella, tsohuwar da ke soya tarwaɗa a bikin duk shekara, ta same ni ina tsaki.

"Akwai Cleophus Rudd, bayan tsohon injin gurzar auduga," in ji ta. "Shi kaɗai ke haɗa kiɗan kantiri na fararen ƙauye da bulus na baƙaƙen fata ba a ga ɗinki ba. Amma Verlene, ki saurara daga cikin mota. Kada ki taɓa komai."

"Anti, mawaƙi nake nema, ba tatsuniya ba."

"Na manta, mai digiri ce ke. A sauka lafiya."

Na isa rana ta yi ja. Gidan katako ne, ya karkace. Iska na warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye. A tsakar gida akwai busasshiyar bishiya, an soka shuɗiyar kwalba a kowane reshe. Kakata ma ta yi irinta, wai tana kama aljanu. Tun ina 'yar makaranta na raina wannan ƙauyanci.

Yana zaune a barandar gidan da jita a cinya. Siriri, hula ta rufe masa ido. Na fito daga mota.

Ya fara kiɗa. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin kamarsa ba. Babban yatsa na tafiyar doki irin ta mutanen tudu, muryar kuwa ta gonar auduga ce, mai nishi. Ban yarda ya gani a fuskata ba.

"Ba laifi," na ce. "Asabar, faɗuwar rana, minti talatin. Za ka zo?"

"Gayyata ta kike yi, 'yata?"

"Da me ka ji na ce?"

Ya yi murmushi. "To. Sai dai wuyan kwalbar da nake goga wa tsirkiya ya fashe. Miƙo mini ɗaya daga bishiyar can."

"Ƙafarka ciwo take?"

"Ban cika sauka ba."

Na taka na zare mafi kusa. Da ɗumi, kamar an fito da ita daga hammata. Tana rawa a tafina.

Kwaɗin da ke kuka a taɓo suka yi tsit.

Sai na lura. Kakata bakin hanya ta kafa tata bishiyar, don tare mai shigowa. Wannan kuwa dab da matakalar baranda take, kwalaben duk sun karkata wajen kujerarsa.

Katako ya yi ƙara. Ya miƙe.

Ashe waƙar ba ta tsaya ba tun ɗazu. Bakinsa a rufe yake. Daga kwalaben take fitowa, kowace da muryarta.

Ya sauko mataki ɗaya.

"Saura mataki biyu, 'yata," ya ce a hankali. "Zaro wata."

Hannuna ya ɗaga da kansa. Na ga hannun yana tafiya wajen reshe.

Na cije harshena har na ji jini. Na mayar da kwalbar. Reshen ya karye. Ta faɗi ta tarwatse.

Sanyi ya wuce ta gefen kunnena, yana dariya.

Ban san yadda na shiga mota ba. Sai da na hau kwalta na ga takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Anti Ozella ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta dai juya kifinta a mai.

"Kin ba shi lokaci. Duk wanda kika tsayar a dandali a wannan lokacin, a gurbinsa ya tsaya, shi zai ɗauka. Ki zaɓi ɗan wa za ki bayar."

Ranar Asabar, da rana ta yi ja, na sa aka sauke kowa daga dandali, na kashe wuta da hannuna. Mutum dubu huɗu suka yi mini ihu, suna jifa da kofuna. Shugaban kwamiti ya zo yana huci, jar fuskarsa na naso, yana tambaya ko na haukace. Na tsaya jikin akwatin wuta ina kallon agogo.

A minti na ashirin, lasifikar da babu wuta a jikinta ta yi ƙara. Gilashi ne ke gogar tsirkiya, a hankali, sau ɗaya.

Sakarkarun suka tafa.

Ran Litinin kwamiti ya sallame ni. Yanzu a ɗakin karatu na gari nake aiki, rediyo ma ba na kunnawa. Jiya yarinyar da ta gaje ni ta kira, murya cike da zumuɗi. Wai kowa na tambayar mutumin da ya yi kiɗan nan bara, ko zan kwatanta mata gidansa.

Na ce mata faifai ne ya lalace.