Sarƙar Hagu

An ɗauke wuta bayan isha'i. Yaya Bintu ta rage fitila, 'ya'yan kawunta uku suka matso jikinta a kan tabarma.

"Ku rage murya," in ji ta. "Labarin Baffa Isyaku ne, ba ya son ana yawo da shi."

Isyaku bakanike ne. Wata bakwai da aurensa da Uwani, wani kamfanin shimfiɗa bututun mai ya kwashe shi da wasu ma'aikata zuwa can ƙuryar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa kamar an baza auduga. Motar can ba ta da taya. A kan sarƙa biyu take tafiya kamar katafila. Ba ta da sitiyari kuma, sai sanda biyu. Ka ja ta dama, sarƙar dama ta rage gudu, mota ta karkata dama. Haka ta hagu.

Ran nan bututu ya faɗo wa abokin aikinsa Ɗanjuma a ƙafa. Asibiti yana babban sansani, tafiyar awa uku. Isyaku ya kwantar da shi a baya ya ja mota.

"Bakano," Ɗanjuma ya ce yana nishi, "kada ka sayar da ni a hanya."

"Wa zai sayi Bazazzagi mai ƙafa ɗaya? Kwanta."

Daf da magariba sandar hagu ta yi tauri. Isyaku ya sauka ya ga ƙanƙara ta daskare a haƙoran da ke juya sarƙa. Ya ɗauko fulas, ya sheƙa tafasasshen ruwa. Rabi ya sauka a kan ƙarfe, rabi a ƙasa. Sauri yake yi, bai ce komai ba.

Sai ya ji wani ɗan siririn kuka. Ya ce iska ce.

Daga nan mota ta fara cin hagu. Ya ja sandar dama, ta miƙe kaɗan, ta koma. Ya tsaya. Ya taka sarƙar dama, ya taka ta hagu, ɗaurinsu ɗaya. Ya duba mai, yana nan a ma'auni. Ya cire safar hannu ya taɓa birkin hagu ko yana kamawa. Sanyi ƙalau. Ya ƙara ɗaure wannan, ya sassauta wancan, ya hau. Hagu dai.

Can fitila ta haska sawun mota a gabansa. Ya yi hamdala, ya ce ga hanya. Ya bi, ya bi, sai ga murfin fulas ɗinsa yashe a ƙasa.

Zagaye yake yi.

Allurar mai ta kwanta kusa da ja. In injin ya mutu, ɗumi ya tafi ke nan, kuma sanyin can ba ya barin mutum ya ga asuba.

"Ɗanjuma?"

Ya waiwaya baya.

"Kai, Bazazzagi! Zage ni mana!"

Numfashi kawai ya ji, sama-sama.

Ya sauka da tocila. Ya zagaya ɓangaren hagu, zai sake dubawa karo na huɗu. Sai ya lura motar ta jirkice. Sarƙar hagu ta nutse cikin ƙanƙara har rabi, kamar an ɗora mata buhu ɗari.

Ya ɗaga tocila.

Wata tsohuwa ce zaune a kan murfin sarƙa. Zane ɗaya a jikinta. Ta rungume yarinya a cinya.

"Sannu da gyara," ta ce. Da Hausa.

Bakin Isyaku hayaƙin sanyi yake fitarwa. Nata babu.

"Sa... salamu alaikum, Iya."

"Yanzu ka tuna da sallama?"

Ta buɗe zanen. Ƙafar yarinyar ta saluɓe tun daga idon sawu. Yatsun suna kallon baya.

"Jikata ce. Tana wasa a ƙarƙashin motarka. A gidanku ba a koya maka ba? Ana zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla?"

"An koya min, Iya."

"To?"

"Na zaci... na zaci nan babu ku."

"Wace ƙasa ka taɓa gani ba masu ita?"

Ya durƙusa. "Ni na yi laifi. Na bayan motar nan bai san komai ba, 'ya'yansa huɗu. Ki riƙe ni, ki bar shi ya isa."

"Shi zai tuƙa kansa?" Ta gyara zama, motar ta ƙara nutsewa. "Ba na sauka sai ta daina kuka."

Ya laluba aljihu. Sukudireba, ashana, tsumma. A aljihun ƙirji ya ji ɗan gwangwani. Man kaɗanya ne da Uwani ta narka da hannunta daren da zai taho. Bai taɓa shafawa ba. In kewa ta dame shi buɗewa yake ya shaƙa, ya rufe.

Ya buɗe. Ya yi bisimilla da ƙarfi. Ya kama ƙafar yarinyar da hannun dama.

Sanyin ya ratsa shi har kafaɗa, kamar ana zare masa jijiya. Bai saki ba. Ya shafa a hankali, yatsa bayan yatsa, har ya suɗe gwangwanin tas. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya, ya tsaya.

Tsohuwa ta sunsuna man. "Mai wannan tana jiranka."

"Tana jira, Iya."

Ta sauko. Motar ta ɗago da ƙara. Inda ta taka, ko alamar sawu babu.

"Hau. Kada ka taɓa sanda ko ɗaya. Kada ka waiwaya."

Ya hau ya harɗe hannuwa a ƙirji. Motar ta miƙe ɗoɗar ita kaɗai. Sandunan na motsi a gabansa, ya runtse ido. Injin bai mutu ba sai a ƙofar asibiti.

Ɗanjuma ya rayu. Yatsa biyu aka yanke. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Tuƙin Bakano ko jaki ya fi shi."

"Hannun Baffa fa?" ƙaramar cikinsu ta tambaya da raɗa.

"Har yau bai yi ɗumi ba," in ji Yaya Bintu. "Ko cikin azumin bazara, kamar randa yake. Ya dawo yana ɓoye shi cikin aljihu, yana tsoron kada Uwani ta guje shi. Ita kuwa ta zaro shi ta ɗora a kuncinta, ta ce dama zafin garin nan ya ishe ta. Da shi ake sauke wa 'ya'yansu zazzaɓi."

Ta jawo fitila kusa.

"Ku dai ku riƙe. Ko ina ƙafa ta kai ku, akwai waɗanda suka riga ku zama. Kada ku bi hanyar da ba ku sani ba ku kaɗai da magariba, kada ku zubar da ruwan zafi baki rufe. To, wa zai je ya sauke tukunyar can daga murhu?"

Ba wadda ta motsa.