Abin da ke Ƙarƙashin Kallabin Inno

"Wayyo Tasalla, sassauta hannu! Kai ne fa, ba igiya ba!"

"Ke da kike son kyau, ai sai ki daure."

A tsakar gidan su Tasalla ake wannan, a Kazaure, zamanin da wuri ne kuɗi. Tasalla makitsiya ce, kuma tana da dabara. Duk ranar kasuwa sai ta yi wa ƙawarta Mairo doka, kitson nan da ake tayar da gashi ya yi tozo a tsakiyar kai. Mairo ta shiga kasuwa tana yanga, duk wadda ta tanka sai Mairo ta ce mata, "Hannun Tasalla ne, gidan gindin dutse. Komai tsawon gashinki ba ya gagararta."

Kitso ya kawo mata suna, shi ne kuma yake neman hana ta miji. Tana son Hamma, wani makiyayi daga wata ruga kusa da Roni, shi ma kamar ya haɗiye ta. Amma mahaifiyarsa, Inno, ko ganin yarinyar ba ta taɓa yi ba ta yanke hukunci: "Makitsiya? Hannunta a kan mutane, bakinta a kan mutane. Ba a gidana ba!"

Wata safiya wata dattijuwa ta yi sallama, ta ce kitso take so, amma a cikin ɗaki, a kuma saki asabari. Tasalla ta yi mamaki. Wa yake kitso a duhu? Me ya sa ta ɗaura kallabi har biyu a wannan zafi?

Da aka kwance sai ta ga dalili. Gashin gefe baƙi wul har gadon baya, tsakiyar kan kuwa fayau, ko sili babu.

"Ciwo ne ya yi mini haka bara," in ji matar. "Da, da gashina ake kwatance. Jibi muna da biki, kuma a wurinmu ba a zama da kallabi."

"Kwantar da hankalinki, Baba."

Tasalla ta naɗe baƙin tsumma ta ɗora a wurin, ta shafa man shanu, ta tattaro gashin gefe tana kitsawa a kai, har doka ta tashi tsaf. Matar ta shafa, ta sake shafawa, hawaye suka zubo mata. Ta tafi ba ta faɗi sunanta ba.

Bayan kwana uku sai ga Mairo da gudu.

"Kin san wadda kika yi wa kitso a ɗaki? Inno ce, uwar Hamma! A wurin bikin ba a maganar amarya, sai dokarta. Don Allah me take ɓoyewa? Ƙwarƙwata ce?"

"Kai ne irin na kowa."

"Ni za ki yi wa haka? In da wani abu, ai kin samu makama. Ki aika mata, ko ta yarda da auren, ko duniya ta ji!"

"Allah ya sawwaƙe, Mairo."

Na Mairo mai sauƙi ne. Da yamma Hamma ya zo, fuska ba walwala.

"An ce ke kika yi wa Inno kitso. Shekara guda ke nan ko 'yan'uwana mata ba ta bari su ga kanta. Me kika gani? Ciwo ne?"

"Lafiyarta ƙalau, wannan na tabbatar maka. Sauran kuwa nata ne, ita za ka tambaya."

"Ni ma ba za ki gaya mini ba? Ni da nake faɗa da kowa a kanki?"

"Ko kai ne, Hamma."

Ya saɓa sandarsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba. Tasalla ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura, don gani take ta rasa uwar, ta kuma rasa ɗan. Mako biyu ba shi ba labarinsa, Mairo kuwa kullum sai ta ce mata taurin kai ne ya ja mata.

Rannan Tasalla tana tsefe wa wata mata kai sai ta ji sallama. Inno ce, da ƙwaryar man shanu, Hamma na rakuɓe a zaure. Tasalla ta durƙusa.

"Tashi, 'yata. Ban zo gwada ki ba wancan karon, larura ce ta kawo ni. Kwana biyu ina jiran in ji zancena a bakin rijiya, shiru. Sai wancan yaron ya kawo mini ƙararki, wai kin fi son ki rasa shi da ki faɗa masa abin da kika gani." Ta ajiye ƙwaryar. "Ni na yi miki mummunan zato, ki yafe mini. Gobe kawunnansa za su zo wurin babanki."

Sai hawaye suka zubo wa Tasalla.

"To, share hawayen ki ɗauko tsinkenki," in ji Inno. "Dokar ta fara kwancewa, kuma kan nan ba mai ƙara taɓa shi sai surukata."

'Yan mata, ku riƙe wannan. Duk wanda ya ɗora kansa a cinyarki, amana ya ba ki. Wadda ta rufa asirin wani, ta yi haƙuri da abin da ya biyo baya, Allah ba zai bar ta ta taɓe ba.