Cikin Kabad ɗin Amarya

Korbinian ya wayi gari bai runtsa ba, tambaya ɗaya na cin ransa: zanensa budurwarsa Zenzi ta so, ko tausayinsa kawai ta ji?

A birnin Munich ya fara ganinta, ranar da ya baje zane-zanensa mutane suna ta dariya, domin babu fuska babu itace, sai da'irori da layuka suna tsere cikin shuɗi da ja. Ita kaɗai ta daɗe a tsaye. Ta ce haka ƙararrawar cocin ƙauyensu take idan iska ta ɗauko ta a kan tafki. Tun ranar ya rasa sukuni.

Mahaifinta Quirin, wanda kafinta ne, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya bar karatun shari'a don ɓarnar fenti ba, alhali ga Wastl mai zanen waliyyai yana nemanta. Da Zenzi ta dage, sai ya kafa sharaɗi: Korbinian ya ƙawata kabad ɗin amarya, wanda ake zagawa gari da shi a keken doki jajibirin aure. In an yi dariya, an fasa.

Tsoro ya sa ya zana furanni tsaf-tsaf. Quirin ya gyaɗa kai. Zenzi kuwa ta duba ta ce, "Ai ko Wastl zai iya wannan," ta fita.

Maganar da ta hana shi barci ke nan. Da hantsi kati ya iso daga gare ta: "Korbi nawa, ina ƙararrawata?"

Sai ya fahimta. Ya bar furannin a waje, ya buɗe ƙofofin kabad ɗin ya cika cikinsu da launukansa, yana zaton ita kaɗai za ta gani.

Ɗan birni bai san al'ada ba. Ranar zagayen, mata suka wangale ƙofofin domin gari ya ga zannuwan gadon amarya. Shuɗi da ja suka fito fili. Wastl ya tambaya da ƙarfi ko kyanwa ce ta faɗa cikin fenti, dariya ta fara tashi.

Korbinian ya matsa kusa da keken. Ya miƙa hannu zai rufe, sai ya ga Zenzi ta ƙura wa zanen ido, hawaye na zuba, tana murmushi. A hankali ya janye hannunsa, ya tsaya kusa da ita.

Quirin ya hau keken. Ya daɗe yana duban zanen, ya fi daɗewa yana duban 'yarsa. Ya ciro igiya ya ɗaure ƙofofin a buɗe, kada iska ta mayar da su.

"Ban gane komai ba, yaro," in ji shi, "amma ita ta gane. Allah ya zaunar da ku lafiya. Kada dai burushinka ya kusanci ƙofar gidana."

Washegari aka buga musu ƙararrawar aure a cocin ƙauyen.