Raɗa a Bayan Safar Hannu

"Au! Ashe kana da rai?"

Da wannan Hajiya Yelwa ta tarbi Tajuddeen, tun bai gama cire takalmi ba. Kakar matarsa ce, tsohuwar da ta saba tsokanarsa tana ce masa angonta. Yau babu wasa a fuskarta.

"Ina wuni, Hajiya..."

"Riƙe gaisuwarka! Kwana hamsin da biyu! Daga Gusau zuwa Bunguɗu tahiyar mi ce? Ko Makka ce ai da ka iso."

Ya sunkuyar da kai.

Cikin matarsa Mansura wata bakwai ne ranar da suka taso daga biki a Tsafe, yana goye da ita a babur. Akuya ta gifta, shi kuwa gudu yake, suka faɗi. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta san inda take ba, ko da ta farfaɗo har an binne yaron. Iyayenta suka taho da ita gida jinya.

Tun daga ranar bai tako gidan ba. Ya aiko sabulu, ya aiko madara, daga baya ya aiko talabijin da bidiyo daga shagonsa. Sau uku yana zuwa har bakin gari ya juya. Haka yake tun yana yaro, abu ya yi masa zafi sai ya tashi ya bar wurin. Haka ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, ya bar ɗinki, ya bar kabu-kabu, kafin ya tsaya a gyaran bidiyo.

Shekaranjiya Malam Abdu, mahaifinta, ya aika masa: ranar Juma'a ya zo, ko ya ɗauki matarsa ko ya sauwaƙe mata.

"Malam na masallaci, sai la'asar zai shigo," in ji Hajiya. "An ce ka zo, kai kuma ka aiko muna da wasu 'yan mata masu idanu kamar faifai, suna ta dukan ƙwallo da taɓarya! Tun safe har yamma ɗiyar nan na gabansu. Ko abinci sai da faɗa."

"'Yan mata kuma?"

"Ni kake tambaya? Shiga ka gani!"

Sai a lokacin ya tuna. Wani kaset ne na katun, fim ɗin zane na 'yan Japan, da wani ma'aikaci, Stephen, ya bar masa a shago. Da shi yake gwada duk bidiyon da ya gyara. Ashe a cikin wanda ya aiko ya manta shi.

Ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Muryar da ta amsa ƙasa-ƙasa ce.

Tana zaune a kan tabarma ta jingina da gado. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ba ta dube shi ba, idonta na kan talabijin.

"Mansurata... ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ya tsuguna daga bakin ƙofa kamar baƙo. Duk maganganun da ya shirya a hanya suka gudu.

"Kaset ɗin nan kuskure ne," ya ce. "Da na sani da na sa miki na Indiya, mai waƙoƙi."

"Kar ka taɓa min shi!"

Ya janye hannun da ya fara miƙawa da sauri.

"Su tara ne," ta ce, har yanzu ba ta juyo ba. "Wannan mai jifan, Wasila na sa mata. Waccan da take tsugune da ƙarfe a fuska tana cafewa, Rahila, don ta yi kama da maƙwabciyarmu. Mai ƙibar can kullum cikin ci take, amma in ta doki ƙwallo sai an nemo ta a bayan katanga."

"Kina jin abin da suke cewa?"

"Ko kalma ɗaya. Amma na gane wasan. Ka doka, ka zagaya da gudu, ka dawo inda ka tashi kafin a taɓa ka." Ta nuna su da haɓa. "Ba su iya ba fa, Yaya Taju. Maza na yi musu dariya. Sau huɗu ana cinye su. Su yi kuka har da majina, gari na wayewa ka gan su da tsintsiya suna share fili. Ni abin da yake hana ni kashe talabijin ɗin ke nan. Sai in ce bari in ga ko gobe ma za su fito."

Ya dubi 'yan matan.

"Ni minti biyar na farko kawai na sani. In hoto ya fito da kyau sai in cire."

"Ai na sani. Yaushe ka taɓa kallon abu har ƙarshe?"

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya dubi ƙofa. Ƙafarsa ta fara wannan rawar da take yi in tana son tafiya. Ya danne ta da hannu.

Mansura ta miƙa hannu ta mayar da kaset baya. Ba ta ko duba ba, yatsanta ya san inda zai tsaya.

"Kalli nan."

Wasila ta ɗaga ƙafa ta yi jifa. Ta ɗaya ɓangaren ta doka, ƙwallo ta tashi sama ta ɓace. An cinye su ke nan. Wasila ta zube a kan gwiwoyinta, hularta ta faɗi. Sai Rahila ta cire ƙarfen fuskarta ta ajiye, ta tako a hankali har tsakiyar fili. Ta durƙusa, ta kare bakinta da ƙatuwar safar hannunta ta fata, ta raɗa mata wani abu a kunne.

Wasila ta ɗago kai.

Hoton yana ta rawa a daidai wurin, alamar zaren kaset ɗin ya gaji da maimaici.

"Me ta ce mata?" in ji Mansura.

"Ni ina na san yarensu..."

"Ni ma ban sani ba. Faɗa min dai."

Ya dubi talabijin, ya dube ta. A karon farko ta juyo, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Ta ce... ta ce ba laifinki ba ne."

"Ƙarya ne! Inna ta ce kar in je bikin nan da tsohon ciki, na nace. Har kuka na yi maka!"

"To ta ce laifina ne!" Muryarsa ta fashe. "Kin ce mu hau mota, na ce babur ya fi sauri. Kin ce in rage gudu, Mansura, sau biyu kina faɗa! Na yi dariya! Da wane ido zan dube ki? Na ɗauka ko inuwata ba kya son gani..."

"Ni kuma na ɗauka don na kashe maka ɗa ka ƙi zuwa."

"Subhanallahi! Ke? Wallahi ko sau ɗaya..."

"To ta yaya zan sani? Madara ce za ta faɗa min? Ko sabulu?" Hawaye suka ɓalle mata. "Ni ban damu da abin da ta raɗa mata ba, Yaya Taju. Ko zaginta ta yi. Ta dai taso ta zo! Shi nake mayarwa ina kallo... yadda ta taso ta zo."

Bai san lokacin da ya bar bakin ƙofa ba. Da rarrafe ya isa gabanta, ya kifa goshinsa a kan hannayenta yana kuka irin wanda bai yi ba ko a maƙabarta.

"Ki yafe min, masoyiyata. Na makara... amma na zo."

Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta kuma janye hannunta ba. Sun daɗe a haka, 'yan matan suna ta surutunsu babu mai kallo.

Can ta ce, "Akwai abin da na kasa tambayar kowa. Inna ba ta ga yaron ba. Baba kuma ina jin kunyarsa." Ta ja numfashi. "Kai ka riƙe shi. Da wa ya yi kama?"

Ya ɗago. Kwana hamsin da biyu yana gudun tuna fuskar yaron, ga ta yanzu a gabansa tar.

"Da ke," ya ce. "Hancin naki ne sak. Ga gashi baƙi wuluk, a kwance." Ya goge ido. "Sai dai kunnuwa... bawan Allah, nawa ya kwaso."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, ta dafe ƙirji.

"Duka biyun?"

"Duka biyun. Kamar za su tashi da shi."

Aka ɗaga labule. Hajiya Yelwa ce, ta dube su ta kawar da kai tana gyara mayafi.

"To, sarkin gudu, Malam ya shigo. Mi za a ce mishi?"

Tajuddeen ya buɗe baki, Mansura ta riga shi.

"Ki ce a nemo mana motar Gusau, Hajiya. Amma ba yanzu ba, bai gama faɗa min ba."

Labule ya koma. Ta miƙa hannu ta kashe talabijin, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Yatsunsa fa?"

Ya gyara zama, ya tanƙwashe ƙafafunsa a kan tabarma, ya fara faɗa mata daga ɗan ƙaramin yatsan.